Farantin Ƙara wa Mota Ƙarfi

Maigidana ya daɗe yana aikin ofis kafin kiriz ta iso. Kiriz shi ne sunan da kowa ke kiran matsin nan da ya sauko wa ƙasar, har tsofaffin da ba su iya Faransanci ba sun iya faɗinsa. Aka fara da jinkirin albashi, aka zo aka zaftare shi, daga baya aka kira su aka ce kamfanin ba zai iya riƙe kowa da kowa ba. Ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in ba shi ruwa. Unguwarmu Briqueterie a Yaoundé ba ta iya riƙe labari. Kafin la'asar maƙwabta sun fara shigowa jaje kamar an yi rasuwa.

Da ɗan abin sallamar da aka ba shi ya sayi mota. Tsohuwa ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan masu su sun gaji, waɗanda muke ce wa konjele kamar kifin ƙanƙara. Gas take sha, wato dizal, ba fetur ba, kuma a bayanta an manna wasu haruffa na ƙarfe: TURBO. Malam, maigidan nawa ke nan, ya fi son haruffan nan da sauran motar gaba ɗaya. Kullum da safe su yake fara gogewa. Motar tana da halayenta. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, murfin injin kuma wayarsa ta tsinke, sai mutum biyu sun haɗu, ɗaya ya zura waya ta ƙasa, ɗaya ya danna ta sama, kafin ya yarda ya buɗe. Saboda haka Malam ba ya taɓa shi sai ya je gareji.

Da ita ya fara kilando, wato ɗaukar fasinja ba tare da fentin taksi ba, daga Mokolo zuwa Cité Verte, daga can zuwa duk inda Allah ya kawo mai tafiya. Aikin bai kwanta masa ba. Da kwat da laktaye yake fita, in ya hango tsohon abokin aikinsa a hanya sai ya juya yana yi wa fasinja hira da dariya, don a ɗauka 'yan'uwansa ne ya ɗauko. Ni kuma na fara suyar ƙosai da fanke a ƙofar gida, daf da teburin mai shayi inda direbobin taksi ke taruwa. Shef suke ce masa, wato oga da Faransanci. Suna gaishe shi da ladabi, amma ban taɓa ganin wani ya matsa masa a benci ba. Yakan sha shayinsa a tsaye, ya shige gida.

Ina da ƙane, maƙerin tukwane ne a bayan kasuwar Mokolo. Yana sayen tarkacen alminiyam, ya narka, ya zuba a yashi, tukunya ta fito. Shi ma kiriz ba ta bar shi ba, don mata sun daina sayen sabuwar tukunya, sai dai su kawo tsohuwa a liƙe. Tsakaninsa da Malam wasa ne tun ranar aurenmu. Malam yana ce masa Injiniya, shi kuma yana ce masa Shef kamar kowa, sai dai nasa Shef ɗin yana da wutsiya.

Wata Lahadi ya shigo mana da wani abu a naɗe cikin takardar siminti, ya ajiye a tabarma a gaban Malam kamar mai kawo kayan lefe.

"Adda, ki zo ki zama shaida," in ji shi. "Yau talaucin gidan nan ya ƙare."

Na leƙo. Wani faranti ne na alminiyam, kaurinsa kamar yatsa biyu, da babban rami a tsakiya da ƙananan ramuka a gefe.

"Murfin tukunya ne ya huje maka?" na tambaye shi.

"Ji ta. Shef, kai da ka yi makaranta bari in yi da kai. Mota numfashi take yi kamar mutum. Iska tana bi ta tiyo ta shiga bakin inji. Wannan a nan ake sa shi, tsakanin tiyon da bakin. Sai hanyar iskar ta ƙara tsawo, ta sami wurin juyawa, ta shiga da ƙarfinta. Mota ta ƙara gudu, ta rage shan mai."

"A ina ka samo wannan ilimin?"

"A motar wani Bature na gani, da aka kawo gareji kusa da mu. Na aro shi na minti kaɗan, na danna a yashi, na mayar. Shi daga Turai aka sayar masa. Ni kuwa da tsofaffin cokula na zuba nawa."

Na zaci Malam zai yi dariya. Sai na ga ya ɗauki farantin, ya ɗaga shi sama yana leƙa ramin da ido ɗaya. Ya ce akwai hankali a maganar. Ya fara bayani da Faransanci, yana zana iska da yatsa a kan tabarma. Rabon da in ji muryarsa ta yi irin wannan tashin tun yana ofis. Kafin tuwo ya nuna sun riga sun raba aiki: ƙanena zai riƙa zubawa, Malam zai riƙa yi wa direbobi bayani, motarmu ce za ta zama abin nuni.

Su biyu suka ɗaura shi a ƙofar gida. Suka yi kokawa da murfin injin, suka nemo dogayen kusoshi, suka yanka kwalin sukari suka liƙa a tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Da aka ta da mota, Malam ya taka totur, sai wani siririn fito ya fito daga cikin injin.

"Ka ji?" in ji ƙanena. "Iskar ce take juyawa."

"Na ji," in ji Malam, yana gyaɗa kai kamar likita.

Gwajin farko a kanmu ya faɗa. Ana suna a Cité Verte, 'yar wata ƙawarmu ta adashi ta haihu, muka yi anko na farin leshi. Malam ya ce ba wata taksi, shi zai kai mu, mu ga abin mamaki. Muka cika motar. A gaba aka sa Hajiya uwar adashinmu, mace mai jiki da baki, ta rungume babbar kular dambu a cinya. Ni da sauran muka matsu a baya.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. Malam yana ta yi wa Hajiya lacca a kan numfashin inji, tana cewa ikon Allah. Da muka kama hawan nan na wajen Tsinga sai fiton ya fara. Wannan karon ba siriri ba ne, kamar butar shayi aka manta a wuta. Malam ya ce mu saurara, ƙarfin ne ke zuwa. Muka saurara. Motar ta fara ja da baya a gudunta, ya sauke giya, ta ƙara sanyi, ya sake saukewa. Na waiga baya, ban ga titi ba, sai baƙin hayaƙi. Iska kuwa ta juyo da shi ta tagogi, don gilasan a sauke suke saboda zafi.

"Malam," in ji Hajiya, "ƙarfin ya kusa isowa ne, ko mu sauka mu tarye shi a hanya?"

Wani mai tura baro ɗauke da ayaba ya zo ya wuce mu. Da ya kai daidai tagar Malam har sannu ya yi masa.

A tsakiyar hawan motar ta ce ba ta san zance ba. Muka fito ta ƙofa ɗaya, tunda ɗayar ba ta buɗuwa, muka ɗaure gyale a ƙugu muka tura. Hajiya ba ta sauka ba, ta ce ita ce mai gadin dambu. Muka isa gidan suna farin leshinmu ya koma ruwan toka, muna ƙamshin kifi banda. Maijego ta tambaye mu ko gobara aka yi a unguwa. Har aka watse ba a yi hirar jaririn ba kamar yadda aka yi hirar motarmu.

Washegari Malam ya kai ta wurin makanikinsa a Messa, wani mutumin yammacin ƙasar mai gareji a gindin mangwaro, wanda ya iya Hausar kasuwa tsaf. Malam ya ce masa farantin bai zauna daidai ba ne, ya gyara masa zama. Da yamma ya koma ya ɗauko ta. Da ya dawo tun daga kan kwana na san wani abu ya canza, don da gudu ya shigo layin, kaji suna watsewa.

"Ya zauna!" ya ce da ni tun bai kashe injin ba. "Farantin ya zauna! Na hau Tsinga ban sauke giya ba!"

Gaskiya ne kuma, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na shiga motar bayan nan, na ji da jikina. Babu hayaƙi, babu fito, hawa kuma tana cinye shi kamar ba ita ba. Ni kaina na fara kallon ƙanena da wani ido. Na ce ko dai yaron nan da gaske injiniya ne muka bar shi yana liƙin tukwane.

Daga nan Malam ya zama wani mutum. Ya ajiye laktaye. Yakan tsaya a teburin mai shayi ya yi ta bayani, da murfin kwalba da cokali yana nuna yadda iska ke bi. Direbobin suka rabu biyu. Wasu suka ce in da abin yana aiki da masu ƙera motar sun sa shi tun daga can. Malam ya ce ai da gangan suke ƙin sawa, don su da masu sayar da mai bakinsu ɗaya. Wannan amsar ta yi wa mutane daɗi ƙwarai, don a kwanakin nan duk wanda ya ce ana cutarmu ba ya rasa masu gaskata shi. Ƙanena kuwa ya daina zuba tukwane, ya tara farantai a buhu, manya da ƙanana.

Babban mai musu a cikinsu wani dattijon direba ne, ɗan arewa, wanda ya fi kowa daɗewa a kan titin Yaoundé. Shi ya ce a daina cika baki, a je a gwada. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar na ƙara yawan ƙullu, don na san za a taru. Aka taru kuwa. Masu tsire suka bar wutarsu, teloli suka fito da tef a wuya. Ƙanena ya zo da buhunsa da sabuwar hula. Makanikin ma Malam ya aika masa ya zo ya ga aikin hannunsa. Aka zaɓi direbobi mafi nauyi aka cusa a motar, dattijon a gaba, suka tafi hawan Tsinga. Muna nan ina juya ƙosai sai ga su sun dawo, kowa yana magana lokaci ɗaya. Dattijon ya fito, ya gyara babbar rigarsa, ya ce shi ba ya ƙin gaskiya: ya san motar nan tun ranar da aka sayo ta, da ba haka take hawa ba.

Malam ya tsaya a gaban motar, fuskarsa kamar ta ango.

"Yanzu ku zo ku ga abin da ya yi aikin. Injiniya, kawo waya."

Ƙanena ya kwanta ya zura waya, Malam ya danna, murfin ya buɗe. Kawuna suka haɗu a kan injin. Malam ya miƙa yatsa ya nuna wurin, yana kallon jama'a, ba ya kallon abin da yake nunawa.

"Ga shi nan."

Dattijon ya sunkuya, ya ɗago.

"Shef, ina?"

Malam ya duba. Wani sabon baƙin tiyo ne ya tafi kai tsaye ya kama bakin injin. Babu faranti, babu alamarsa. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, har ƙarƙashin mota ya duba ko ya faɗo.

Makanikin yana gefen kaskona da ƙosai a baki. Sai da ya haɗiye sannan ya ce, "Farantin? Ai yana gareji. Tun ran nan na cire shi. Na gaya maka, Shef."

"Ka gaya mini? Cewa ka yi komai ya yi daidai!"

"Na ce na cire shi, komai ya yi daidai. Mai bugun ƙarfe yana aiki a kusa da mu, wataƙila rabin ka ji."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai shayi ya zauna a ƙasa. Wani tela ya riƙe cikinsa yana roƙon a yi masa rai. Ni kuwa ƙosaina ya ƙone a mai, don idona yana kan Malam. Na san mutumin da na aura, na san yadda ya yi watanni yana ɗauke da kansa kamar ƙwai.

Ƙanena ne ya fara farfaɗowa. Ya ɗaga hannu ya ce a saurara.

"Wannan ai shi ne babbar shaida! Injin ya riga ya koya. Kwana ɗaya farantin ya yi a ciki, ya nuna wa iska hanya, har yau ba ta manta ba."

Aka sake fashewa. Sai na ji wata dariya da na sani a cikin tarin, mai fita ta hanci tana sarƙewa. Malam ne. Ya jingina da motar yana share hawaye da hannun riga, yana nuna ƙanena, ya kasa magana.

Da aka lafa dattijon ya tambayi makanikin, to me ya ƙara mata ƙarfi. Ya ce tsohon tiyon a tsage yake ta ƙasa tun da aka sayo motar, iska tana zurarewa, matatar iskar kuma ta toshe da jar ƙasa, sai ya sa sabon tiyo, ya share matatar. Farantin da kwalin sukari suka ƙara wata ɓarakar a kan ta da, shi ya kawo fito da hayaƙi. Ya ce bai yi wa farantin rashin adalci ba: ya goge shi da magagari ya yi sumul, ya ɗaura shi da kyau ya hau tudu, ya cire ya sake hawa, bai ji bambanci ba. Tiyon da ya samu kuma ya fi zama ba tare da shi ba, sai ya bar shi a kan tebur.

"To me ya sa Baturen ya sa a tasa?" in ji ƙanena.

"Shi ma wani ne ya sayar masa," in ji makanikin. "Na ji ana cewa a motar fetur marar turbo yana ɗan taɓukawa, ban auna ba, ba zan rantse ba. Amma turbo tura iska yake yi da ƙarfin tsiya, kamar zugazuginka. In ka ƙara wa bakin zugazugi tsawon yatsa biyu, wutarka tana ƙara ci?"

Ƙanena ya tsaya yana tunani, da gaske yake tunanin.

"Ba ta ƙarawa," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma ba ta raguwa."

Dattijon ya matsa a benci, ya bugi katakon da tafin hannu.

"Shef, zo ka zauna. A kawo wa Shef shayi, mai kauri. Mu duka nan babu wanda bai taɓa sa wa motarsa wani abu ba. Ni na yi shekara da maganaɗisu a ɗaure a tiyon mai."

Nan aka ɓalle. Wannan ya ce ƙwayar kafur yake jefawa a tanki, wancan ya ce an taɓa sayar masa da wani ruwa a kwalbar turare. Malam ya zauna a tsakiyarsu har aka kira magariba. Daga ranar sunansa ya tashi daga Shef ya koma Shef Faranti, kuma yana amsawa.

Buhun farantan ya koma wuta, ya fito tukwane. Guda ɗaya na samu a ciki, ba kyauta ba, wai rangwame aka yi mini. Ƙanena bai taɓa janye maganarsa ba. Har ya yi furfura, in zancen ya taso, cewa yake ba a ba abin isasshen lokaci ba.

Motar ta yi mana shekaru, da ita aka yi ta kai yara makaranta har Malam ya sami aikin lissafi a shagon wani ɗan kasuwa. Da muka tashi sayar da ita, wani mai jigilar ayaba daga ƙauye ya zo. Ya zagaya ta, ya buga tayoyi da ƙafa, sannan ya rage murya ya tambaya ko ita ce motar nan da aka ce an sa mata faranti. Malam ya zaunar da shi ya ba shi labarin tun daga farko, bai rage komai ba, har turin da muka yi da farin leshi. Mutumin ya saurara, ya yi dariya a inda ake dariya. Da aka gama ya ce ya ji, ya kuma gode, amma shi dai a haɗa masa da farantin, in ba haka ba ya fasa.

Sai da Malam ya taka har Messa. Makanikin ya daɗe yana bincike kafin ya gano shi a ƙarƙashin ƙafar teburinsa, inda ya yi shekaru yana hana teburin rawa. Ya ce zai bayar, amma sai an kawo masa wani abin da zai sa a wurin.